Tseren Keke A Turai Da Halayen 'Yan Kallonsa

Duk wanda ya saba da kallon ƙwallon ƙafa ya san cewa tsakanin mai wasa da mai kallo akwai iyaka wadda ba a ƙetarewa, domin shi mai kallo sai ya yanki tikiti, a bincike shi a bakin ƙofa, a nuna masa wurin zama, sa'an nan ya yi ta sowa daga nesa, muryarsa tana isa fili amma hannunsa ba ya isa. To, akwai wani wasa a ƙasashen Turai wanda wannan ƙa'ida ba ta hau kansa ba, shi ne tseren keke na kan hanya, wanda filinsa shi ne titin da manomi ke bi zuwa gona kuma ɗan makaranta ke bi zuwa aji, alhali kuwa ba wanda ya isa ya kewaye tafiyar kilomita ɗari biyu da katanga, balle ya tsaya a ƙofa yana karɓar kuɗin shiga. Saboda haka ɗan kallo a wannan wasa a cikin fili yake tsaye, kamu ɗaya ne tsakaninsa da gwanin da duniya ke magana a kansa, kuma lafiyar wannan gwani, wani lokaci ma har rayuwarsa, amana ce a hannun mutanen da bai sani ba.

Mafi girman waɗannan gasanni ita ce Tour de France, wato zagayen ƙasar Faransa, wadda wata jarida mai suna L'Auto ta ƙago a shekarar 1903 don ta ƙara samun masu saye. Galibi ana yin ta a watan Yuli, tsawon mako uku, a zango 21, inda mahaya ke cin tafiyar da ta haura kilomita 3,000, suna ratsa ƙauyuka da gonaki, suna hawa duwatsun Alps da na Pyrenees. Wanda kuma jimillar lokacinsa ta fi ta kowa ƙaranci shi ke sanye da riga mai ruwan ɗorawa, don a shaida shi daga nesa. Akwai irinta a Italiya da Sifaniya, akwai kuma tseren yini ɗaya a Beljiyam da arewacin Faransa, amma a ta Faransa ne halin ɗan kallo ya fi bayyana, kyakkyawansa da mummunansa.

A ɗauki dutsen da ake kira Alpe d'Huez, wanda hawansa ya kusa kilomita 14, da kwana 21, kowace kwana an kafa mata allo mai ɗauke da sunan wani da ya taɓa cin tsere a wurin. Tun kwana biyu ko uku kafin ranar tsere mutane ke isowa da motocinsu masu ɗakin kwana a ciki, da tantuna, da tukwane, su yi sansani a gefen hanya, su rubuta sunayen gwanayensu da fenti a kan kwalta. Kwana ta bakwai 'yan ƙasar Holan sun mayar da ita tasu, in ranar ta zo ba abin da ido ke gani a wurin sai tufafi masu ruwan lemo, kamar yadda mutanen Basko ke cika duwatsun Pyrenees da tutocinsu. Idan mahaya suka ƙarato, sai ka ga jama'a ta rufe hanya ruf, ba ta buɗewa sai keke ya zo dab da ita, ta tsage ya wuce ta sake haɗewa, kamar dai yadda ake yi wa dawaki ranar hawan sallah, illa dai a nan babu dogarai masu isar da za su kare kowane mahayi. Duk wannan jira na kwanaki kuwa don kallon da bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba ne.

Mai hankali zai tambaya, mene ne ribar wanda ya kwana a kan dutse cikin sanyi don ya ga abin da na gida ya fi shi gani a talabijin? Amsar da na fi gamsuwa da ita ita ce, shi na bakin hanya wahalar mahayin ya je gani, domin a wurin hawa keke ba ya gudu, sai mutum ya ga fuskar ɗan'uwansa ɗan Adam ta canja, baki a buɗe, gumi na zuba, ya ji hucin numfashinsa, ya tabbata cewa wannan da ake kira zakara tsoka ne da jini irin nasa, yana gab da gazawa amma ya ƙi sauka. Daga nan ne tausayi ke shiga cikin sha'awa, shi ya sa za ka ga ana yi wa na ƙarshe, wanda aka bari a baya da rabin sa'a, tafi da kirari kamar yadda aka yi wa na farko, har wani ya miƙa masa ruwa, wani ya sa hannu ya ɗan tura shi, ko da yake dokar gasa ta hana.

Babu hujjar da ta fi ƙarfi a kan wannan kamar labarin Raymond Poulidor, ɗan manoma daga tsakiyar Faransa. Ya shiga gasar sau 14, ya zo na biyu sau uku, na uku sau biyar, bai taɓa cinta ba, bai ma taɓa sa rigar nan mai ruwan ɗorawa ko da na yini ɗaya ba. Amma duk da haka Faransawa sun so shi fiye da abokin hamayyarsa Jacques Anquetil, wanda ya ci gasar sau biyar. A shekarar 1964 su biyun suka hau dutsen Puy de Dôme kafaɗa da kafaɗa, kowa ya ƙi bari ɗan'uwansa ya shiga gabansa, har Poulidor ya kuɓuce kusa da ƙarshe, amma ratar da ya bayar ba ta isa ba, Anquetil ya ci gasar shekarar da daƙiƙa 55 kacal. Anquetil gwani ne mai lissafi, ba a ganin wahala a fuskarsa. Shi kuwa Poulidor talakawa sun ga kansu a cikinsa, mutumin da ke yin iyakar ƙoƙarinsa, ƙaddara ta hana shi, ya yi haƙuri ya komo baɗi ba tare da ya zargi kowa ba. Har ya rasu a shekarar 2019 ba ya ratsa taro sai an tsayar da shi ana neman gaisawa. A ganina wannan ɗabi'a abin yabo ce ga jama'ar da ta yi ta, gama ta nuna cewa mutane na iya girmama haƙuri da juriya ko da nasara ba ta biyo baya ba.

Sai dai a kan wannan dutse ɗin ne kuma, bayan shekara 11, aka ga ɗaya fuskar. Eddy Merckx, ɗan Beljiyam, wanda da yawa ke ɗauka shi ne mafi gwaninta a tarihin wasan, ya zo a 1975 yana neman cin gasar karo na shida, abin da zai sa ya wuce Anquetil, kuma wasu Faransawa sun gaji da ganin baƙo yana kwashe musu komai. Yana cikin hawan Puy de Dôme, saura kaɗan ya kai, sai wani mutum daga cikin taro ya kai masa naushi a kwiɓi. Merckx ya daure ya ƙarasa, amma a kwanakin da suka biyo baya ƙarfinsa ya ragu, Bafaranshe Bernard Thévenet ya karɓe rigar, kuma Merckx bai sake cin gasar ba har ya bar tsere. Da magana ta je kotu aka sami mutumin da laifi, aka ce ya biya diyyar faran ɗaya, don a tabbatar da laifin kawai. Wannan shi ne ta'assubanci, son naka da ya wuce haddi har ya zama ƙin na wani, kuma ba sabon ciwo ba ne, domin tun a gasa ta biyu, a 1904, mutanen yankin Saint-Étienne sun tare hanya da dare suka far wa mahaya da duka don ɗan garinsu ya wuce, ba su watse ba sai da masu shirya gasar suka harba bindiga sama.

A zamaninmu, galibin ɓarnar da ake yi ba ƙiyayya ke jawo ta ba, gafala ce da son a gani. Ran 14 ga Yuli, 2016, iska mai ƙarfi ta sa aka rage zangon da zai ƙare a ƙololuwar dutsen Ventoux, sai jama'ar da ke sama ta gangaro ta cunkushe a wuri ɗaya, har babur mai ɗauke da kyamara ya rasa hanya ya taka birki, mahaya uku da ke bayansa suka afka masa. Keken Chris Froome, mai riƙe da rigar, ya lalace, duniya ta ga abin da ba ta saba gani ba, jagoran gasa yana hawan dutse da gudu a ƙafa, sai daga baya alƙalan gasa suka mayar masa da lokacinsa. Bayan shekara biyu Vincenzo Nibali na Italiya ya faɗi a cikin cunkoso da hayaƙi a Alpe d'Huez, ya tsage ƙashin baya, ya fita daga gasar. Mafi shahara kuwa ita ce ta ran 26 ga Yuni, 2021, a zangon farko da ya tashi daga birnin Brest, inda wata mata ta miƙo kwali cikin hanya mai ɗauke da gaisuwa ga kakanninta, fuskarta na kallon kyamara, ta ba mahaya baya, Bajamushe Tony Martin ya ci karo da kwalin ya faɗi, mahaya masu yawa suka zube a kansa, wasu da raunukan da suka raba su da gasar da suka yi shekara suna shiri dominta. Kotu ta ci ta tarar Yuro 1,200. Ba ta yi nufin sharri ba, kuma zagin da aka yi mata a intanet ya wuce kima; amma rashin mugun nufi ba ya ɗora karaya, kuma malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa hanya tana da haƙƙi a kan mai zama a gefenta, farkonsa shi ne kada ya cutar da mai wucewa.

Washegarin wannan haɗari ne jikan Poulidor ta wajen uwa, Mathieu van der Poel na Holan, ya ci zango na biyu ya sa rigar da kakansa bai taɓa sawa ba, ya zauna a gefen hanya yana kuka, Faransawa da yawa suka yi kuka tare da shi saboda tunawa da tsohon. Shi ɗin dai ne kuma, a watan Afrilu na 2025, yana gaba shi kaɗai a tseren Paris zuwa Roubaix, wani ya jefe shi da gorar ruwa a fuska, Allah ya sa bai faɗi ba, ya ci tseren karo na uku a jere, wanda ya yi jifar kuma ya kai kansa ga 'yan sanda a Beljiyam.

Akwai wani ciwo kuma wanda ba a iya ɗora wa 'yan kallo laifinsa duka, shi ne zato. Shekaru da dama an yaudare su. Lance Armstrong na Amurka, wanda ya warke daga ciwon daji ya ci gasar sau bakwai a jere daga 1999 zuwa 2005, miliyoyin mutane sun ɗauke shi abin koyi, suna ƙaryata duk wanda ya tuhume shi, har aka ƙwace nasarorinsa duka a 2012, shi kuma ya amsa da bakinsa a farkon 2013 cewa da ƙwayoyin ƙara kuzari ya yi su. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga nan duk wanda ya yi fice ƙwarai sai a sami masu cewa ba banza ba, har Froome ya ba da labari a 2015 cewa wani ya watsa masa fitsari yana kiransa mashayin ƙwaya. Tuhuma tana da muhallinta, kuma wajibi ne hukumomin wasa da 'yan jarida su yi bincike ba sani ba sabo, amma mutum ɗaya a bakin hanya ya zama shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, shi ne mai zartar da hukunci, ba tare da bayyine ba, wannan zalunci ne ko da daga baya zaton nasa ya zama gaskiya.

Tseren keken dutse shi kuwa wani sha'ani ne dabam. Ya samo asali ne a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, ya shiga wasannin Olamfik a 1996, ana yin sa da keke mai kaurin taya a cikin daji, bisa duwatsu da saiwoyi da taɓo. Iri ɗaya zagaye ne ake yi a gajeriyar hanya har wajen sa'a ɗaya da rabi, ɗaya irin kuma gangara ce zalla, mutum ɗai-ɗai ke saukowa daga kan dutse cikin 'yan mintuna. Da yake wurin a tattare yake, ana ja masa igiya, ɗan kallo kuma yana ganin mahayi sau da yawa, don haka cutar hannu ba ta yi yawa ba, sai dai hayaniya. A wurare irin su Fort William na Sikotlan da Les Gets na Faransa da Nové Město na ƙasar Cek, mutane kan zo da ƙararrawar shanu, da ƙaho, da tsofaffin ƙafafun keke suna bugu, har da injin yankan katako wanda aka cire wa sarƙa don ƙararsa kawai. Galibinsu su ma mahaya ne, sun san zafin faɗuwa a kan dutse, shi ya sa in ɗan tsere ya faɗi ya tashi sowar da ake yi masa ta kan fi ta wanda ya wuce lami lafiya.

Duk da haka, ran 29 ga Yuli, 2024, a tudun Élancourt kusa da Paris, an ga yadda son ƙasa ke rinjayar sani. Kwana ɗaya kafin nan Bafaranshiya Pauline Ferrand-Prévot ta ci zinariyar mata, jama'a suka komo da kwaɗayin a maimaita musu a ɓangaren maza. Tom Pidcock na Birtaniya, wanda ke riƙe da kambun tun wasannin Tokyo, yana gaba sai tayarsa ta yi faci, ya tsaya aka canja masa, Bafaranshe Victor Koretzky ya ba shi rata fiye da rabin minti, wurin ya ɗauki murna. Pidcock ya bi shi sannu a hankali har ya cim masa, a zagayen ƙarshe kuma, inda hanya ta rabu biyu a gindin bishiya, ya bi ta ɗaya gefen, suka haɗu a mahaɗa suka gogi juna, Koretzky ya tangaɗa, Pidcock ya wuce ya ci zinariya, Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ya zo na uku. Alƙalai ba su ga laifi ba, amma taron ya yi wa Pidcock ihu yana ƙetare layi. Ina fahimtar ɓacin ran wanda aka ƙwace wa abu yana gab da kai shi baki, kuma ihu ba naushi ba ne, ba wanda ya ji rauni. Sai dai adalci ya wajabta a ce mutumin da ya dawo daga faci ya kamo na gaba a tseren Olamfik ya cancanci a yi masa shiru, in ma ba a iya tafa masa ba.

Mu a Afirka ba a bar mu a baya ba a wannan sha'awa, ko da yake a ƙasar Hausa keke abin hawa ne na zuwa gona da kasuwa fiye da na tsere. A Eritiriya, inda Italiyawa suka kai keke zamanin mulkin mallaka, tsere ya zama wasan ƙasa. Lokacin da Biniam Girmay ya ci tseren Gent zuwa Wevelgem a Beljiyam a 2022, sa'an nan a 2024 ya zama baƙar fatan Afirka na farko da ya ci zango a Tour de France, ya ci har uku ya tafi da koriyar riga ta gwanin maki, mutanen Asmara sun fito tituna, 'yan ƙasar mazauna Turai kuma suna bin sa gari gari da tutoci da ganguna, suna kewaye motar ƙungiyarsa da waƙa da rawa. A watan Satumba na 2025 aka yi gasar duniya ta tseren kan hanya a Kigali, babban birnin Ruwanda, karo na farko a nahiyarmu, jama'a suka cika gefen wani hawa mai daɓen duwatsu maƙil, Tadej Pogačar na Silobeniya ya ci, suka yi masa sowa alhali ba ɗan ƙasarsu ba ne.

To, mene ne magani? Wasu na cewa a ƙara shinge, a sa kuɗin shiga a manyan duwatsu, kuma an fara taɓa haka a Beljiyam, inda masu shirya zagayen Flanders suka sake hanya a 2012 suka kafa rumfunan manyan baƙi masu biya, abin da ya ɓata wa talakawan yankin rai ƙwarai. An kuma ga abin da rashin jama'a ke haifarwa a 2023, sa'ad da gasar Faransa ta koma Puy de Dôme bayan shekara 35, ta taso daga garin da Poulidor ya zauna, aka hana 'yan kallo kilomitocin ƙarshe saboda ƙuncin hanya da kiyaye muhalli. Mahaya suka hau lafiya, ba wanda ya taɓa su, amma dutsen ya yi tsit, har masu kallo a gida suka ji cewa an rasa wani abu. Ra'ayina shi ne, shinge a kusa da layin ƙarshe da wuraren gangara maslaha ce wadda ba mai musun ta, haka kuma hukunta wanda ya yi jifa ko duka, hukunci mai zafi wanda ya wuce faran ɗaya. Amma a kori talaka daga bakin hanya, ko a sayar masa da abin da kakanninsa suka kalla kyauta fiye da shekara ɗari, saboda laifin 'yan ƙalilan daga cikin miliyoyi, wannan kuskure ne, kuma masu shirya gasannin su ne za su fara yin nadamarsa.